Azumin Baba a Gidan Bulo

Kwanan baya gwiwoyina suka ƙi ni. Ba faɗa muka yi ba, kawai na wayi gari na ce su tashi suka ce ba za su ba. Sai ga babban ɗana ya shigo da mai walda har cikin ɗakina, suna aune-aunen bango, suna shawarar inda za a kafa ƙarfen da zan riƙa kamawa. An kawo wata kujera mai rami a tsakiya, an kawo sanda mai ƙafafu, an ce za a fasa dokin ƙofar bayi a mai da shi gangare. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya sa na rasa inda zan sa kaina shi ne da yaron nan ya durƙusa a gabana, ga baƙon namiji a tsaye, ya ce, "Inna, idan kin shiga bayi, zaman ne ya fi ba ki wahala ko tashin?" Ɗan fari fa, wanda ban taɓa kiran sunansa ba tun da na haife shi. Na ja mayafi na rufe fuska, na juya na gaya wa bango cewa tashin ne. Suka yi dariya, mai walda ya sa alli ya yi alama, suka ci gaba da aikinsu kamar an yi maganar farashin gero. Bayan sun fita na daɗe zaune da kunya iri biyu. Ɗaya ta tambayar da aka yi mini ce. Ɗayar ta fi tsufa kuma ta fi nauyi, ta tambayar da mu ba mu iya yi ba a zamaninmu.

An kai ni gidan miji a wani ƙauye kusa da Sara, ƙasar Gwaram, a shekarun da Turawa suka tattara nasu-ya-nasu suka tafi. Asalin gidan masu shanu ne da suka zauna suka kama noma. Fillancin ya gudu daga bakinsu, amma ya bar musu kunya cike da gida. Surukina, wanda kowa ke kira Baba, gurgu ne tun yana yaro. Wani zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ya tashi ƙafafun sun shanye. Kafin a kai ni, mata suna ta yi mini jaje a ɓoye, wai zan sha ɗawainiya. Da na je sai na tarar da mutumin da ko moɗar ruwa ba a miƙa masa. Baduku ne, yana ɗinka guga da takalma da kube, yana kuma tukar igiyar shanu. Ranar kasuwar Sara sai ya hau wani dakali mai gangare da ya gina a ƙofar gida, ya zame kan jakinsa, ya tafi da kayansa, ya dawo da gishiri da kanwa kamar kowane maigida.

Gidan kuwa shi ya tsara shi da hannunsa, daidai tsayinsa daga ƙasa. Ɗakinsa ba shi da dokin ƙofa, sai ɗan tudu mai gangare da ke hana ruwan sama shiga. Randarsa a binne take har wuya, yana zaune yake ɗiba, kuma ruwanta ya fi na kowa sanyi, har mukan saci sha idan ya fita. Sakatar ƙofarsa a ƙasa take. Rumbunsa ma ya yi masa wata 'yar taga daga ƙasa wadda yake toshewa da kasko. A makewayi ya gina ɗan mazauni na laka a bakin masai, ya kafa reshen marke a gefe, wanda ya yi sheƙi don yawan kamu. Yana da takalman hannu na katako masu mariƙin fata, da wata fata mai kauri da yake ɗaurawa a ƙugu don kada ƙasa ta ci masa riga. Tsakar gidan daɓe ne, duk rani sai mata sun taru sun sabunta shi da makubar ɗorawa, muna bugu muna waƙa, shi kuma yana can inuwar zaure yana aiko da gyara, wai wajen randa ya yi kwari. Har yau idan na rufe ido ina jin ƙarar katakon nan a kan daɓe, ƙwas, ƙwas, da jan fata a bayansa, gauraye da kukan maruƙa da sautin lugude. Ba na buƙatar leƙawa in san inda ya nufa. Da na ji ya doso sai in bar taɓarya in faɗa ɗaki, domin matar ɗa ba ta tsayawa a gaban suruki.

Yaran yanzu idan na ba su labarin nan sai su ce ai wahala muka sa wa kanmu. Mu a wurinmu ado ne. Maigidana shi ne ɗan farin Baba, saboda haka Baba ba ya kiran sunansa, ba ya kallon idonsa, ba ya yi masa magana kai tsaye. In ya kama dole sai ya ce "wancan yaron". Ni kuma ko gaisuwa daga bayan asabari nake yi, a durƙushe, murya ƙasa-ƙasa, ya amsa kamar yana amsa wa iska. Uwar maigida ta riga mu gidan gaskiya tun ban zo ba. Wadda ke riƙe da maganar gidan ita ce Goggo, ƙanwar Baba, wata bazawara mai baki kamar reza. Baba zai gaya mata a gyara danga, ta juya ta gaya wa maigida da ke zaune kusa da su yana jin komai. Maigida zai ce a shaida wa Baba an sayar da bijimi, ta juya ta maimaita. Takan ce, "Ranar da na mutu gidan nan kurame za ku zama, kuna kallon juna kamar tumaki." Mukan yi dariya, don ba mu ɗauka akwai abin tsoro a ciki ba.

Sai shekarun man fetur suka zo. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane yadda kan mutane ya juya ba. Rediyo ya shiga kowane zaure, samari suka ajiye garma suka bi tifa, kwanon rufi ya fara walƙiya a inda da jinka ce. Maigida ya samu aiki da masu shimfiɗa kwalta, kafin a ce haka ya zama shugaban lebura, ya sayi fili a Birnin Kudu ya fara gini da bulo. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma akwai wani tabo a zuciyarsa. Tun yana yaro abokan kiwo suke kiransa ɗan mai jan gindi. Ya taɓa gaya mini cewa ya yi wa kansa alkawari, in dai yana raye, sai ya ɗaga mahaifinsa daga ƙasa. To, ya ɗaga shi ɗin. A lokacin darajar gida a tsayin gindinsa take, wanda matakalar ƙofarsa ta fi yawa shi ne ya ci gaba. Namu sai da aka cika shi da marmara, jar ƙasar nan mai tsakuwa, har ya kai ƙugun mutum, kowane ɗaki da matakalarsa ta siminti, an goge ta sumul, an shafa mata jan fenti. Bayin ma a kan tudu yake da tasa matakalar. Mutane suna zuwa kallo, ni kuma ina ta yauƙi a tsakar gida da sabuwar atamfa, ina jin ba matar da ta kai ni.

Ɗakin Baba ya fi na kowa. An sa masa gadon ƙarfe mai rumfa da katifa, da kujera mai hannu, da agogon bango. An yi odar keken guragu mai sarƙa, irin wanda ake tuƙawa da hannu, aka ajiye shi a zaure yana ƙyalli. Ranar da motar ta zo ɗaukar mu, Goggo ta ce ita ba za ta bar shanu ta tafi garin da ke warin fetur ba. Ta ɗauko takalman hannun Baba da fatar ƙugunsa za ta sa a mota, maigida ya ce, "Bar su, Goggo, ya gama da waɗannan." Ta dube shi, ta dubi yayanta. Baba kuwa yana ta ɗaure jakar dukancinsa. Daga baya na gane cewa ya cusa su a cikinta, ƙarƙashin fatu.

Maigida ne ya ɗauki Baba a hannu ya haura da shi, ya ajiye shi a kan gado, maƙwabta suna ta sa albarka. Washegari da na kai gaisuwa sai na hango ta ƙasan labule yana kwance a kan buzu a ƙasa, gadon na tsaye a bayansa ba ko lanƙwasa a zanen. Ya sauka, hawan ya gagare shi. Keken kuma yana can zaure, tsakaninsa da shi akwai matakala, har kaji suka mai da shi wurin kwana. Ruwa a famfo yake, famfon kuma a tsayin ƙirjin mai tsaye. Kullum da asuba kafin ya tafi aiki maigida yakan ɗauke shi ya kai shi bayi, ya jira a waje, ya dawo da shi. Da magariba in ya dawo ya sake. Yana yi yana murna, yakan ce mini, "Kin ga ikon Allah, ya ba ni hanyar samun lada har cikin gida." Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda abin yake a wurin wanda ake ɗauka ba, mutumin da bai taɓa bari ɗan nan ya ga ko cin abincinsa ba, yau ga shi a ƙirjinsa ana kai shi makewayi. Tsakanin asuba da magariba kuwa ba kowa a gidan sai ni.

Ba a daɗe ba abincin rana ya fara dawowa yadda na kai shi. Na ajiye a bakin ƙofa, na dawo na tarar ba a buɗe ba, kwanon ruwa ma cike. Na gaya wa maigida, ya je ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi labule ko lafiya. Shiru. Ya dawo fuskarsa a sake ya ce, "Ai azumi yake yi. Yanzu da ya huta da wahala ya samu lokacin ibada." Shi ke nan magana ta zauna. Da fari muka ɗauka Litinin da Alhamis ne, sai muka ga abu ya zarce, kullum ne. Maigida ya kai labari masallaci, labari ya zaga unguwa. Aka fara aiko da dabino, mata suna kawo jarirai a yi musu tofi, wani dattijo ya ce samun irin wannan bawan Allah a unguwa kariya ne. Ni ma ba a bar ni a baya ba, ina soya ƙosai ina dama kunun tsamiya don buɗe-baki, in an tambaye ni a gidan suna in ce ai namu tsohon sai dai a yi shiru. Buɗe-bakin ma loma kaɗan yake yi ya kurɓi ruwa ya ture. Ga shi bazara ta kama, irin zafin Birnin Kudu da duwatsu ke tarawa da rana su sako wa mutane, kwanon rufi yana ƙara kamar zai tsage. Ya daina ɗinki. Wata rana na hangi hannunsa ya fito ta ƙasan labule yana tura kwano, hannun da a da yake kamar icen ƙirya ya koma fata da jijiya. Na ce a raina haka masu tsoron Allah suke ramewa.

Ranar da ruwan farko ya sauka, maigida yana wajen aiki a hanyar Gwaram. Ya kai Baba bayi da asuba ya tafi. Da la'asar hadari ya haɗo, aka kwarara ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo ya cinye hanya. Magariba ta yi bai dawo ba. Gari ya waye bai dawo ba. Na kai gaisuwa aka amsa da ƙyar. Tunanin ya zo mini, ba zan ce bai zo ba, cewa tun jiya da asuba mutumin nan bai fita ba. Amma me zan ce, kuma wa zan gaya wa? In shiga gidan maƙwabta in ce a zo a kai surukina bayi? Bakina ba zai iya haɗa kalmomin ba. In kai masa kasko kuwa, shi ya san wadda za ta ɗauke, ni ma na sani. Sai na koma na kama tankaɗe ina addu'ar Allah ya kawo mota.

Rana ta ɗaga sosai sai na ji ƙarar katako a kan siminti, wadda rabona da ji tun ƙauye. Ban gama mamaki ba na ji wani sulɓi, sai faɗuwa. Na fito da rariya a hannu. Yana kwance a gindin matakala, takalmin hannu ɗaya ya yi can, hularsa ta yi nan, goshinsa na jini. Rigarsa kuma ta ɓaci, abin da ya riƙe tun jiya ya ƙwace masa. Idona ya shiga nasa, karo na farko tun da aka kawo ni gidansu. Ban san wanda ya fi wani son ƙasa ta tsage ba. Na juya baya da sauri na fuskanci turken akuya. Shekaru sun shuɗe, na binne miji, na binne 'ya'ya, amma ban taɓa jin abin da na ji a tsayuwar nan ba.

Can sai na ji muryarsa, a bushe, yana magana kamar da wanda ba ya nan. "A rufe ƙofar gida."

Na je na sa sakata. Na ɗebo ruwa a bokiti, na zo da baya da baya na ajiye, na kawo sabulu da wata rigar maigida da na wanke, na shige ɗaki na saki labule. Ina jin zubar ruwa a tsakar gida ina cizon mayafi don kada kukana ya fito. Da ya gama sai ya ja jiki zuwa inuwar katanga. Komawa ɗaki ba hanya, tunda matakalar da ta kayar da shi ba za ta ɗaga shi ba. Muka zauna haka, shi a waje ni a ciki, ba Goggo a tsakani.

Ni na fara. Ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Na fito na tsuguna kusa da akuya, na ba shi baya, na ce mata, "Ke 'yar nan, da za a san abin da za a yi wa matakalar nan, da an yi."

Na ɗauka na yi rashin kunyar da ba za a yafe ba. Sai ya ce, shi ma da akuyar yake, "Akwai ragowar marmara a bayan gida. Ruwan jiya ya jiƙa ta."

Na ɗauki kwanon wanki da fartanya. Duk yinin nan ina jido ina zubawa a kan jan simintin maigida, shi kuma yana baje ta da hannu yana dannawa da takalmin katakonsa. Akuyar nan ta sha magana a ranar. "A gaya mata ta ƙaro mai tsakuwa." "A tambaya ko nan ya isa." "A ce mata gangaren ya yi tsaye, a ja shi gaba." Yana aiki yana haki, yana tsayawa yana hutawa, amma muryarsa ta fara komawa irin ta mai aiko da gyaran daɓe. Muka yi na ɗakinsa, muka yi na bayi, ya sa na cire turken akuyar na kafa a gefen masai. Ya ce a cika tukunya da ruwa a ajiye a ƙasa kusa da famfo. Kafin rana ta faɗi tsakar gidan da ake zuwa kallo ya koma kamar kududdufin da shanu suka tattake. Na shimfiɗa tsofaffin buhuna a kai, na koma ɗaki, na ji ya haura. Ko kallon juna ba mu sake yi ba.

Maigida ya dawo washegari wajen azahar, wandonsa duk laka, ya kwana biyu a rumfar lebura. Ya yi sallama, ya tsaya cak. Ya dubi tudun ƙasa a ƙofar ɗakin mahaifinsa, ya dubi na bayi, ya dubi tafin hannuna da ya yi kanta.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ce.

"Da izinin wa?"

Na sunkuyar da kai. Ba zan iya gaya masa abin da na gani ba. Idan na faɗa, na tona wa Baba asiri a gaban ɗan da ya fi jin kunya a duniya. Maigida bai saba ɗaga mini murya ba, amma ranar ya ɗaga. Ya ce ya fito da mu daga ƙauye amma ƙauyen ya ƙi fita daga kaina. Ya ce shekarun da ya yi yana shan rana a kan kwalta don mahaifinsa ya daina jan jiki a ƙasa ya yi su, ni kuma kwana biyu kawai ya ba da baya na shimfiɗa masa hanyar komawa. Ya ce da wane ido zai dubi mutanen unguwa. Ina tsaye ina haɗiyar hawaye, wani ɓangare na zuciyata ma yana ba shi gaskiya, don ni ma na ji zafin jan fentin nan. Ya shiga zaure ya ɗauko shebur, ya zo ya kafa shi a gindin gangaren.

Sai labule ya motsa. Baba ya fito da fatarsa a ƙugu, da ɗaurin tsumma a goshi. Ni na ja baya na tsaya a bakin ƙofata. Maigida ya saki shebur ya miƙa hannu zai ɗauke shi kamar yadda ya saba, Baba ya kauce wa hannun ba tare da ya dube shi ba. Ya gangaro a hankali, marmarar tana riƙe katakon, ya ratsa tsakar gida ya nufi tukunyar da ke kusa da famfo. Ya buɗe, ya cika moɗa, ya yi bisimilla ya kafa kai. Rana na tsaka. Ina ganin maƙoshinsa na hawa da sauka. Ya shanye ya sake cikawa, ruwa na bin gemunsa yana jiƙa riga.

Maigida ya ce, "Baba, azumin fa?"

Baba bai juya ba. Ya ajiye moɗar, ya goge baki, ya fuskanci ɓangaren da nake. Wannan karon bai nemi akuya ba.

"Yarinya, ki gaya wa wancan yaron ba azumi nake yi ba. Ko rana ɗaya ban ɗaura niyya ba. Wanda ya ci ya sha sai ya fita, ni kuwa ba ni da hanyar fita." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki ce masa ya gaya wa mutanen masallaci su daina aiko da dabino. Ina jin kunyar Allah."

Na buɗe baki in maimaita, kamar yadda Goggo take yi, na kasa. Ba a ma buƙata. Maigida ya zauna daɓas a kan ƙasar da ya zo kwashewa, da wandonsa da komai, ya kifa fuska a gwiwa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar, kuma ba ni da inda zan kai idona, ga suruki a dama ga miji a hagu. Baba ya sake cika moɗa ya sha, ya juya ya nufi bayi shi kaɗai, ya ja ƙofa.

Jikinsa bai koma daidai ba. Likita a babban asibiti ya ce ƙodarsa ta wahala, ya tambayi maigida ko tsohon ba ya samun ruwa ne a gida. Baba ya ƙara damina ɗaya da rani ɗaya tare da mu, yana fita yana shiga da kansa, har ya ɗinka mini takalmi ya ajiye a bakin ƙofata. Ranar jana'izarsa liman ya tashi yana yabon yawan azuminsa, jama'a suna cewa Allahu akbar. Maigida ya gaya mini daga baya cewa ya so ya miƙe ya gyara maganar, ƙafafunsa suka ƙi. Ya bari aka binne mahaifinsa da ita.